Sayen gidan farko ta hannun dillali: daga neman gida zuwa karɓar makulli

Dillalin gidaje ba ya samun ko kwabo sai ciniki ya faɗa. Zai iya yin wata uku yana yawo da kai lungu-lungu, ya ƙona mai, ya ƙarar da katin waya, amma in ba a sallama ba ya tashi a tutar babu. Ka riƙe wannan a ranka tun daga ranar farko, domin shi ne zai bayyana maka yawancin abin da za ka gani daga gare shi. Akwai dillalai amintattu da yawa, waɗanda suka tsufa a sana'ar ba a taɓa kai su gaban mai unguwa ba. Sai dai ko amintaccen ma burinsa a gama, kai kuwa burinka a gama lafiya. Saboda haka aikin dillali shi ne ya nemo gida, ya haɗa ka da mai shi, ya taimaka a daidaita farashi. Tantance takardu na lauya ne, awon fili na safiyo ne, duba lafiyar gini na injiniya ne. Yawancin masu sayen farko da suka yi asara, waɗannan ayyuka huɗu suka tattara suka danƙa wa mutum ɗaya.

Lissafin da za ka yi kafin ka kira kowa

Kuɗin da ke hannunka ba shi ne farashin gidan da za ka iya saya ba. Bayan farashi akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin binciken takardu a ma'aikatar ƙasa, kuɗin safiyo da injiniya, harajin kan sarki, kuɗin rajista da na neman sahalewar gwamna, sannan gyaran da kusan kowane tsohon gida ke bukata kafin a tare. Shawararmu ita ce ka cire kamar kashi 15 cikin 100 na abin da kake da shi ka ajiye gefe domin waɗannan. Mai naira miliyan 20 ya nemi gidan miliyan 17, kada ya nemi na 20. Wanda ya zuba komai a farashi shi ne yake barin takardu da sunan tsohon mai gida shekara da shekaru, yana cewa sai ya samu sarari.

Idan da rance za ka cika kuɗin, ka faɗa wa dillali tun farko, domin hakan yana rage gidajen da za su yi maka. Asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi, yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci duk wata, kuma wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi zai iya neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekarun da za su iya kai wa 30. Wanda ba ya son mu'amala da ruwa yana iya zuwa bankunan Musulunci irin su Jaiz, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ko ya ba ka haya mai ƙarewa da mallaka. Ko wace hanya ka bi, banki zai nemi gida mai cikakkiyar takardar gwamnati. Gidan da takardar mai unguwa kaɗai gare shi ba zai shiga ba, komai kyansa.

Ka rubuta abin da kake so a takarda: unguwa biyu ko uku, yawan ɗakuna, ko mota za ta iya shiga layin, nisan wurin aiki da makarantar yara. Amma kada ka faɗa wa dillali ƙarshen abin da za ka iya biya. In ka ce kana da 17, duk gidan da za a nuna maka zai zama na 17, har wanda mai shi 14 yake nema.

Wane dillali?

Masu wannan sana'a kala-kala ne. Akwai ƙwararrun masu kimanta kadarori da ke da rajista da hukumar ESVARBON, waɗanda za ka iya kai ƙararsu hukumar in sun ci amana. Akwai masu ofis da kamfani mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Akwai dillalin unguwa, wanda ba shi da ofis amma ya san tarihin kowane gida a yankinsa, ya san wanda ya gina shi, wanda ya gada, da wanda ake rigima a kansa. Sannan akwai 'yan kayi-na-yi, waɗanda ba su san mai gida ba, labari kawai suka ji daga wani wanda shi ma ji ya yi.

Ba lallai mai ofis ya fi na unguwa ba. Abin dubawa shi ne a san inda yake kwana, a san mutanen da suka taɓa saye ta hannunsa, kuma ka yi magana da biyu daga cikinsu da bakinka. Sannan duk gidan da ya kawo maka, tambayar farko ita ce: "Malam, kai tsaye kake da mai gidan, ko akwai wani a tsakaninku?" Idan akwai mutum uku ko huɗu a tsakani, kowa ya ɗora nasa a kan farashi, kuma ranar biya kowa zai tsaya yana jiran kasonsa. Alamar doguwar sarƙa ita ce dillali ya kasa amsa ƙaramar tambaya sai ya koma gefe ya buga waya.

Maganar la'ada a gama ta kafin a taka ƙafa zuwa gidan farko. A wurare da yawa kashi 5 cikin 100 ake karɓa daga mai saye, wasu su nemi 10, kuma sau da yawa dillali yana karɓa daga mai sayarwa ma. Wannan al'ada ce, ana cinikinta, musamman in gidan mai tsada ne. A gidan miliyan 17, kashi 5 naira 850,000 ne, ba kuɗin da za a bari a baki ba ne. A rubuta ko da a rabin shafi: nawa ne, wa zai biya, yaushe za a biya, kuma cewa in akwai wasu dillalai a cikin cinikin, daga wannan kason za su raba. Ku sa hannu da shaida ɗaya. Kuɗin mota na zuwa duba gida daban ne, ƙaramin abu ne, ka biya da daɗin rai. Amma wanda ya ce sai ka biya kuɗi mai kauri kafin ya nuna maka ko ƙofar gidan, rabu da shi.

Babu laifi ka yi aiki da dillalai biyu ko uku, sai dai ka riƙa rubuta wanda ya fara nuna maka kowane gida da ranar da ya nuna. Gida ɗaya yakan kasance a hannun dillalai da yawa. In na biyu ya nufi gidan da ka riga ka gani, ka faɗa masa tun a hanya, in ba haka ba mutum biyu za su zo neman la'ada ɗaya.

Duba gida: zuwa ɗaya ba ya isa

Zuwan farko tare da dillali ne, kuma shi zai zaɓi lokacin da gidan ya fi kyan gani. Ka duba tsarin ɗakuna, ka ɗauki hotuna, kada ka nuna zumuɗi. Zuwa na biyu ka je ba tare da shi ba, da yamma ko bayan isha, ka zauna wurin mai shayi ko mai kanti na layin. Ka tambayi awa nawa ake samun wuta, ko taransifoma tana yawan lalacewa, daga ina ake samun ruwa, yaya layin yake in an yi ruwan sama, kuma me ya sa ake sayar da gidan. Maƙwabta sukan faɗi abin da ba ya cikin kowace takarda.

In da hali ka ga gidan a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. In da rani ne, bango zai ba ka labari. Ka tsuguna ka dubi ƙasan katanga daga waje: layin datti a kwance, mai tsayi ɗaya a gidajen layin duka, shaidar inda ruwa ke tsayawa ne. Dakalin da aka ɗaga a bakin ƙofa har sai an tsallaka shi ma magana ce. A ciki, fenti sabo fil a ƙasan bango kaɗai, kamar mita ɗaya daga daɓe, yawanci danshi ake rufewa. Ka shafa hannu, in fentin yana kumbura ko farin gari kamar gishiri yana fita, ruwa ne ke hawowa daga tushe, kuma sabon fenti ba ya maganinsa. A Kano da sauran tsofaffin birane ka yi tambaya ta musamman ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike. Ƙasar ciko, musamman wadda aka cike da shara, takan ci gaba da zama shekaru bayan an yi gini, gidan ya riƙa tsagewa, ruwan unguwa kuma ya ci gaba da neman tsohon mazauninsa.

Zuwa na uku da injiniya ne, ko aƙalla gogaggen magini wanda kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba. Ba kowace tsaga ce matsala ba. Siririya kamar gashi a jikin filasta abu ne mai sauƙi. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, wadda bakin makulli zai shiga, kuma ana ganinta ciki da waje a wuri ɗaya. In aka haɗa da ƙofofin da ba sa rufuwa daidai, tushe ne ya motsa. A kankare bulo da ƙusa a inda babu filasta: in yana zuba kamar yashi, an yi rowar siminti. A hau cikin silin da tocila a duba katako ko gara ta ci, a kashe tocilar a ga ko haske yana shigowa ta kwano. In rufin kankare ne, a nemi tabon tsatsa ko inda rodi ya bayyana. A buɗe soket ɗaya ko biyu a ga kaurin waya, wanda ake aunawa da murabba'in milimita: 1.5 na fitilu ne, soket yana son 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama ruwa suna son 4. A buɗe murfin sokawe a ga ko ta cika, a kuma auna nisanta da rijiya. Ƙasa da mita 15 haɗari ne ga ruwan sha. Duk abin da aka gano a rubuta shi da kiyasin kuɗin gyara, domin da shi za ka shiga ciniki.

Ka ɗaga kai sama ma. Babban layin wuta mai ƙarfin 330kV yana da haramin mita 50, wato 25 kowane gefe, na 132kV kuma mita 30. Gidan da ya shiga wannan harami, ko ya hau magudanar ruwa, ko ya ci hanya, yana cikin jerin rusau ko da ya yi shekara 20 a tsaye.

Ciniki, da mai gida a zaune

Kada ka yi tayi na gaske sai ka ga mai gida ido da ido. Dillalin da ke ta kawo uzuri, yau Alhaji ya yi tafiya, gobe Alhaji ba ya son hayaniya, ko dai ya ɗora kuɗi mai yawa a kai yana tsoron ku haɗu, ko kuma babu Alhajin. Ka tabbatar masa la'adarsa tana nan ko kun haɗu, ai ga ta a rubuce. In ya ci gaba da ƙi, ka bar gidan.

A zaman, bayan gaisuwa, ka bar mai gida ya faɗi kuɗinsa da bakinsa. Kafin ranar ka riga ka bincika nawa aka sayar da gidaje biyu ko uku makamantansa a unguwar, abin da aka biya, ba abin da aka sa suna ba. Ka yi tayi ƙasa da inda kake son tsayawa, ka kawo dalili: "Alhaji, rufin ɗakuna biyu sai an sauya, sokawe kuma sai an haƙa sabuwa, ga kiyasin magini." Zai ce albarka. Ka ƙara kaɗan, dillali ya shiga tsakani yana jan kowa, har a kai inda zai ce ya sallama. A nan ne dillali nagari yake cin la'adarsa da gumi, domin ya san inda kowannenku zai iya sassautawa.

Za ka ji ana cewa akwai wani da ya taya fiye da haka, gobe zai kawo kuɗi. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma mai tayin ƙarya ne aka shirya domin a zuga ka, abin da shari'a ta hana. Amsarka ɗaya ce a duka biyun: kana nan a kan tayinka, kuma ba za ka biya ba sai an gama bincike. Gidan da ba zai jira mako biyu na bincike ba, ba naka ba ne.

In an nemi kafin alƙalami, ya zama kaɗan, kada ya wuce kashi 10 cikin 100, a biya shi ga mai gida ko a ajiye a hannun lauya, ba a hannun dillali ba. A rubuta cewa sharaɗin cinikin shi ne takardu su fito lafiya, in ba su fito ba za a mayar da kuɗin gaba ɗaya cikin kwanaki kaza, kuma mai gida ba zai sayar wa wani ba a tsawon lokacin. A ranar ka karɓi kwafin duk takardun gidan da na katin shaidar mai gida.

Takardu: nan ne ake tsira, nan ne ake halaka

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma takardar da ke shaida hakan ita ce wadda kowa ke kira C of O. Mai saye yana karɓar ragowar wa'adin ne: takardar shekara 99 da ta fara aiki a 1985 za ta ƙare a 2084. Ƙasa da ita akwai takardar giranti, wadda ke nuna an ba da filin amma ba a kammala fitar da babbar takarda ba, akwai takardar ƙaramar hukuma, sannan akwai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci, wadda yawancin gidajen cikin gari da na awon igiya ke da ita.

Lauyanka, wanda kai ka ɗauka kake biya, zai kai lambar fayil ofishin ƙasa na jihar: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Abin da ake nema a rahoton shi ne sunan wanda ke kan fayil a yau, girman filin da inda yake, abin da aka ba da shi domin a yi, ko gidan zama ko kasuwanci, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai ƙorafi ko umarnin kotu a kansa, ko an soke shi, da bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Kada ka karɓi rahoton binciken da dillali ko mai gida ya kawo maka a shirye. Wanda zai iya buga takardar mallaka ta jabu zai iya buga rahoton bincike na jabu.

Sunan da ke fayil ya zama shi ne na mutumin da ke zaune a gabanka, da katin ɗan ƙasa mai hotonsa. In ba shi ba ne, a nuna maka sarƙar cinikin duka, daga mai sunan zuwa wanda ya saya, zuwa na bayansa, har kan mai sayar maka, ba tare da giɓi ba. In wakili ne, a ga takardar wakilci da ta ambaci ikon sayarwa ƙarara, kuma a yi magana da mai gidan kansa ko ta kiran bidiyo ne, a tabbatar yana raye kuma bai janye wakilcin ba. In aka ce asalin takardar ta ɓata, ka ƙara taka-tsantsan, domin sau da yawa ba ɓata ta yi ba, tana ajiye a banki ko a hannun wanda ke bin mai gidan bashi.

Gidan gado shi ya fi kowane jan shari'a. Babban wa ba shi da ikon sayar da kason ƙannensa don kawai shi ne babba. A nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu in ta wannan hanyar aka bi. A lissafa magada duka, a ga sa hannun kowa: matan mamaci masu tumuni, 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu, wanda ke ƙasar waje, da iyayen mamacin in suna raye. Waɗanda aka fi tsallakewa mata ne, kuma su ko 'ya'yansu ne ke dawowa kotu bayan shekaru. In akwai marayu ƙanana, kasonsu ba ya sayuwa da yardar baki, sai da izinin alƙali. Akwai kuma shufa'a: a fikihun Malikiyya, in ɗaya daga masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan kuɗin ya karɓe. Wanda yake gari yana da kimanin shekara guda, wanda ba ya nan kuwa haƙƙinsa yana jiransa. Don haka sayen kaso a gidan da ba a raba ba sai da rubutacciyar yafewar sauran. A kuma tambaya ko an taɓa yin wakafi da gidan ko wani sashe nasa.

Gidan da ba shi da takardar gwamnati ba haramun ba ne saye, miliyoyin mutane a irinsa suke zaune, amma farashinsa ya nuna hakan, binciken kuma ya koma ƙafa. Ka je wurin mai unguwa da kanka, ba tare da dillali ba, ka tambayi tarihin gidan. Ka ji daga maƙwabtan kusurwa huɗu. Sannan ka kai wurin hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, a duba ko wurin ya faɗa cikin hanya, filin makaranta, maƙabarta ko wani shiri na gwamnati. Rusau da aka yi a Kano a 2023 ya nuna cewa gini a filin da asalinsa na jama'a ne yana iya faɗuwa ko da mai shi yana riƙe da takarda. A Abuja kuwa ministan birnin ne kaɗai ke da ikon ba da fili, takardar sarkin ƙauye ba ta ba ka mallaka a idon hukuma.

Safiyo mai rajista ya zo ya ɗauki ma'aunin kusurwoyin gidan ya gwada da zanen da ke cikin takarda. Yana faruwa takarda ta zama ta gaske amma ta wani fili ce a layin baya. Yana kuma faruwa a ce maka fuloti cikakke, ƙafa 100 da 50, wato kimanin murabba'in mita 465, a auna a tarar maƙwabci ya ci ƙafa biyar da katangarsa. A nemi amincewar zanen gini in akwai. A ƙarshe a ɗauki lambar mitar wuta a je ofishin kamfanin, KEDCO ko Kaduna Electric ko AEDC, a ga bashin da ke kanta, domin bashin wuta yakan zauna a kan gida ya jira sabon mai shi. Duk bashin da aka samu, na wuta, na ruwa, na kuɗin ƙasa, a cire shi daga farashi ko mai gida ya biya ya kawo rasit.

Ranar biya

Lauyanka ne zai rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka, da sunaye cikakku, bayanin gidan kamar yadda yake a zanen safiyo, da ainihin kuɗin da aka biya. Za a iya ba ka shawarar a rubuta ƙasa da haka domin rage haraji. Kada ka yarda: in ciniki ya warware a kotu, abin da ke rubuce shi za ka nema.

A zauna wuri ɗaya, ofishin lauya ko cikin banki, da mai gida, da shaidu biyu na kowane ɓangare. Kuɗi ya tafi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gida, ba na dillali ba, ba na ɗansa ba, a rubuta a bayanin turawar cewa kuɗin gida ne mai lamba kaza. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10, don haka zuwa da kuɗi a buhu laifi ne bayan haɗarin da ke cikinsa. Ka je bankinka kwana biyu kafin ranar a ɗaga maka iyakar turawa, kada a zauna a tarar kuɗin ba sa fita. In gidan gado ne, a biya asusun da magada suka amince da shi a rubuce, ko a tura wa kowa kasonsa.

A zaman nan za ka karɓi asalin takardun duka, tsofaffin yarjejeniyoyi, rasit na kuɗin, hotunan mai gida, wasiƙarsa ta neman sahalewar gwamna da sa hannunsa a fom ɗin da ofishin ƙasa ke bukata, da makullai. Duk sa hannun da za a bukata daga gare shi a karɓe shi ranar, domin neman mutum bayan kuɗi sun shiga aljihunsa aiki ne mai wuya, in kuma ya rasu sai ka bi magadansa ɗaya bayan ɗaya. In akwai 'yan haya, mafi sauƙi shi ne mai gida ya sallame su kafin a biya, ko a riƙe wani kaso na kuɗin har sai an ba ka gida babu kowa. In ka gaje su, mai hayar shekara galibi yana da haƙƙin sanarwar wata shida sai in yarjejeniyarsa ta faɗi wani abu daban, kuma ka binciki wanda ya riga ya biya hayar gaba.

La'adar dillali ita ce ta ƙarshe, bayan takardu da makulli sun shigo hannunka. Ka biya shi cikakke a ranar, ba ja-in-ja, ya sa hannu cewa ya karɓa a madadin duk dillalan da ke cikin cinikin.

Abin da ya rage bayan an watse

Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a miƙa haƙƙin da gwamna ya bayar ga wani sai da sahalewarsa, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. Saboda haka lauya ya shigar da neman sahalewar a cikin makonnin farko, a biya harajin kan sarki, a yi wa yarjejeniyar rajista a ofishin ƙasa. Muddin ba a yi haka ba, fayil yana nan da sunan tsohon mai gida, kuma marar tsoron Allah zai iya neman kwafin takarda ya sake sayarwa ko ya jinginar. In gidan ba shi da takardar gwamnati, ka kai takardar cinikin mai unguwa da dagaci su sa hannu, sannan ka buɗe fayil na neman taka.

Ka sauya makullan ƙofar waje a ranar farko, ka shiga gidan ko ka sa wani amintacce ya zauna, kada a bar shi a rufe wata da watanni. Ka gabatar da kanka ga mai unguwa da maƙwabta. Ka mayar da mitar wuta da ta ruwa sunanka. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara ka riƙa biya kana ajiye rasit. A 2025 hukumar Abuja ta soke dubban takardun filaye saboda bashin wannan kuɗi da ya taru shekaru. Asalin takardu ka ɗauki hotonsu shafi-shafi ka adana a waya da imel, ka yi kwafi biyu, ka ajiye na asalin a wurin da wuta da ruwa da gara ba za su kai ba, kuma ka sanar da mutum ɗaya cikin iyalinka inda suke.